Turkiyya ko Malesiya: ina ya fi wa mai neman digirin farko?

Ƙanena, ka ce ka gama sakandare da sakamako mai kyau, kana son karanta injiniyancin kwamfuta, gida za su taimaka amma ƙarfinsu ba mai yawa ba ne, kuma zuciyarka ta rabu tsakanin Turkiyya da Malesiya. Kafin a kai ga sunan jami'a, abu biyu za su raba maka gardama: wa zai biya, kuma da wane harshe za ka yi karatun.

Ta wajen kuɗi, Turkiyya na da abin da Malesiya ba ta da shi ga ɗan digirin farko. Gwamnatinta na ba da tallafin Türkiye Bursları, ana buɗe nema a watan Janairu a rufe a Fabrairu, ta intanet, kyauta, babu ruwanka da dillali. Wanda ya dace za a biya masa kuɗin makaranta, a ba shi ɗaki, da inshorar lafiya, da tikitin jirgi, da ɗan kuɗin kashewa kowane wata. Sharaɗin shi ne kada ka kai shekara 21, kuma makinka kada ya gaza kashi 70 cikin 100. Masu son likitanci kashi 90 ake nema a wajensu. Sai dai gasar da zafi, masu nema kan haura 100,000 a shekara alhali guraben 'yan dubbai ne. Ka nema da gaske, amma kada ka jingina rayuwarka a kansa shi kaɗai.

Tallafin gwamnatin Malesiya da aka fi sani kuwa na masu digiri na biyu da na uku ne. Da yawa daga cikin 'yan Arewa da ka ji sun yi karatu a jami'o'i irin su UUM ta jihar Kedah, ko UPM ta Serdang, ko UTM ta Johor, malaman manyan makarantu ne da TETFund ta ɗauki nauyinsu. Labarinsu daban, naka daban. Kai idan ka je can, aljihun gida ne zai ɗauke ka shekara huɗu. Abin da ya sa duk da haka nake ganin Malesiya ta fi kwanciyar hankali ga mai biyan kansa shi ne kuɗinsu, ringgit, bai cika yin tsalle ba, mahaifinka zai iya yin lissafin shekara ya kusan daidai. A Turkiyya hauhawar farashi ta kai kashi 85 cikin 100 a watan Oktoban 2022, kuɗin haya a Istanbul ya gagari ɗalibai da yawa. Idan ka haɗa wannan da halin da naira ke ciki, lissafi na iya rushewa a tsakiyar zango.

Harshe shi ne abin da ya fi tsorata matasa game da Turkiyya, kuma a ganina tsoron ya wuce kima. Gaskiya ne mai tallafi sai ya yi shekara guda yana koyon Turkanci kafin ya shiga aji, ko da kuwa da Turanci za a koyar da shi. Gaskiya ne kuma manyan jami'o'in gwamnati masu koyarwa da Turanci zalla, irin su METU ta Ankara da Boğaziçi ta Istanbul, shigarsu ba wasa ba ce. Amma wannan shekarar ba asara ba ce. A cikinta za ka san gari, ka san sanyi, ka yi abokai daga ƙasashe barkatai, tun kafin nauyin jarrabawa ya hau kanka. Turkanci da haruffan boko ake rubuta shi tun 1928, yadda aka rubuta haka ake furtawa. Kuma idan ba ka iya shi ba, za ka sha wahala a kasuwa da asibiti da ofishin takardun zama, domin Turanci bai yaɗu a titi ba.

A Malesiya da Turanci za ka yi karatu, da shi za ka yi ciniki a Kuala Lumpur, darasin harshen Malay da ake ba baƙi kuma ba mai nauyi ba ne. To amma jami'o'i da yawa ba sa karɓar WAEC kai tsaye zuwa aji ɗaya, sai ka yi shekarar share fage. Ka ga shekarar da kake gudu a can ta tare ka a nan, wannan karon kuma da kuɗinka.

Zaman yau da kullum fa? Malesiya zafi ne da gumi da ruwan sama duk shekara, ɗan Kano ba zai ji baƙunci a jiki ba sosai. Shinkafa safe da rana da dare, yaji ya wadata, sai dai suna yawan sa sukari da madarar kwakwa. Ka riƙa duba tambarin halal na JAKIM, hukumar kula da harkokin Musulunci ta ƙasar, domin ba kowane gidan abinci ne na Musulmi ba. Turkiyya kuwa burodi ne da shayi da miyar adas, yajin gida sai ka taho da abinka. Hunturun Ankara ko Erzurum ya sha bamban da sanyin da ka sani, dusar ƙanƙara ce ke zuba, rana na faɗuwa da wuri, kuma a lokacin ne kewar gida ke kama mutum da ƙarfi. Kada ka kulle kanka a ɗaki a irin wannan lokaci, ka nemi ƙungiyar ɗaliban Najeriya tun makon farko. Sauƙin da ke nan shi ne tazarar awa 2 ce kawai tsakaninka da gida, akwai kuma jirgi kai tsaye daga Abuja zuwa Istanbul. Malesiya awa 7 ce, lokacin da Umma ta idar da Isha kai kana tsakiyar barci, tafiyar kuma sai an sauya jirgi a hanya.

Masallaci ba zai yi maka wuya ba ko'ina. Turkawa Hanafawa ne, Malay Shafi'awa, a Malesiya za ka ji liman yana ƙunuti a bayyane bayan ruku'u da asuba. Ka bi liman, kada ka mayar da bambancin mazhaba abin jayayya a ƙasar mutane.

Akwai abin da ba na so in ɓoye maka. A Malesiya ɗan Najeriya na shiga da baƙin suna da wasu suka bari, za ka iya samun mai gida ya hana ka haya, ko a tsayar da kai a duba takardu. Ka riƙa yawo da shaidarka, kuma kada ka riƙe wa kowa kaya a filin jirgi komai kusancinku, domin hukuncin ƙwaya a can na iya kaiwa ga kisa. A ƙananan garuruwan Turkiyya an fi fama da kallo da yawan tambaya. Batun aiki kuma, kada ka sa rai za ka riƙe kanka da shi. Malesiya awa 20 a mako ta yarda, a lokacin hutu kawai, da izini. Turkiyya sai ka cika shekarar farko kafin ka nemi izinin aiki.

Da ni ne a matsayinka, zan fara da neman tallafin Turkiyya, in riƙe Malesiya a matsayin hanya ta biyu, ita ma sai idan gida sun tabbatar da kuɗin duk shekarun karatun, ba na shekarar farko kaɗai ba.

Duk wadda ka zaɓa, ka binciki makarantar da kanka. A Malesiya ka duba ko hukumar MQA mai tantance ingancin karatu ta amince da kwas ɗin, bizar ɗalibi kuma ta hannun EMGS, ofishin kula da ɗaliban waje, take bi, sabunta ta na buƙatar halartar aji kashi 80 cikin 100. A Turkiyya ka duba sunan jami'ar a jerin YÖK, hukumar kula da jami'o'in ƙasar. Idan dillali ya ce maka Turkiyya, ka tambaye shi sunan garin. Idan ka ji Lefkoşa ko Girne ko Famagusta, wannan Arewacin Cyprus ce, yankin da Turkiyya kaɗai ta amince da shi a matsayin ƙasa, kuma hukumar NiDCOM mai kula da 'yan Najeriya mazauna waje ta sha gargaɗin iyaye a kansa. In ka dawo, sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja ta tantance takardarka kafin ka tafi bautar ƙasa, don haka ka tambaye su matsayin makarantar tun ba a biya ko kwabo ba.