Katun ko Fim Mai Dogon Zango: Wanne Za a Tura wa Yara a Dogon Hutu?

Hajiya, na ga tambayar da kika yi: dogon hutu ya gabato, yara uku a gida, 'yar auta shekara 4, na tsakiya 7, babban 12. Data ta yi tsada, kuma ba kya son ki bar su da waya a hannu. Akwai na'urar DVD a falo, talabijin ɗin ma yana cin filash. Shin katun za ki sayo musu, ko fim mai dogon zango irin na Turkiyya da Indiya da aka fassara, wanda babban yake ta nacin a turo masa?

Ni dai ga ƙananan biyu katun zan ce, ba tare da wani kokwanto ba. Babban kuwa maganarsa tana da ɗan tsawo, zan zo kanta. Dalilina na farko, wanda duk sauran suke bayansa, shi ne wannan: wanne ne a cikin biyun za ki iya zama ki kalla daga farko har ƙarshe kafin ki miƙa wa yaro?

Fim ɗin katun cikakke yakan tsaya a wajen awa ɗaya da rabi. The Lion King na 1994 minti 88 ne. Tsofaffin Tom and Jerry, waɗanda William Hanna da Joseph Barbera suka fara a 1940, kowane ɗaya wajen minti 7 ne. Bayan sallar isha'i, kina ninke kayan wanki, kin gama da guda. Gobe idan kika kunna musu kin san abin da ke zuwa, kin san inda za ki ɗauki rimot ki tsallake. To ki ajiye wannan a gefe, ki ɗauko Ertugrul da babban yake magana. Tashar TRT ta Turkiyya ta haska shi daga 2014 zuwa 2019, zango 5, kashi 150, kowane kashi kimanin awa biyu. Da aka yanyanka shi gajeru-gajeru don kasuwar waje sai ya zama kashi 448. Wajen awa 300 ke nan. Ko da awa biyu yaro zai riƙa kallo kullum ba fashi, sai ya yi wata biyar kafin ya ga ƙarshe, alhali hutun gaba ɗaya bai cika wata biyu ba. Na Indiya kuwa, akwai waɗanda suka haura kashi dubu. Babu uwar da za ta tace wannan. Duk wadda ta tura wa ɗanta irinsa, cinikin biri a sama ta yi.

Kuma tsawon ba shi kaɗai ba ne. Yadda ake gina su ma daban ne. Fim ɗin katun an yi shi ne ya ƙare: matsala ta taso, an sha wuya, an warware, rubutu ya hau allo, yaro ya miƙe da kansa ya fita tsakar gida. Mai dogon zango an yi shi ne don a dawo mako mai zuwa, shi ya sa kowane kashi yake yankewa a daidai inda rai ya fi ɗagawa, an ɗaga takobi ko an buɗe ƙofa ba a nuna wanda ya shigo ba. A tashar talabijin wannan ba ya cutarwa sosai, domin dole mai kallo ya jira kwana bakwai. Amma idan kashi 60 suna jere a filash ɗaya, babu abin da ya raba yaro da na gaba sai danna maɓalli. Nan ne ake samun “Mama saura kaɗan” har la'asar ta wuce, an makara Islamiyya, tuwo ya huce a kwano. Kada ki ga laifin yaron da yawa. Manya ma da suka san ciwon kansu suna kai wa asuba a kan irin wannan.

Ga 'yar auta ma akwai ma'auni a fili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa yaro ɗan shekara 2 zuwa 4 kada zamansa gaban allo ya wuce awa ɗaya a rana, in ya gaza haka ya fi. Gajerun katun suna shiga cikin wannan awar cif. Kashi ɗaya na fim ɗin Turkiyya ya riga ya ninka ta.

Sai abin da ke ciki. Mutane da yawa suna sakin jiki da na Turkiyyan nan saboda ana sallah a ciki, ana ambaton Allah, mata suna rufe jiki, ana girmama iyaye. Duk gaskiya ne, ni ma abin da ya ja ni gare shi ke nan. Amma fim ne na manya. Akwai sara da suka, akwai fille kai, azabtar da fursuna, sa guba a abinci, cin amana tsakanin 'yan uwa. A lungunmu na Tudun Wada na ga yara sun raba kansu gida biyu, kowa da sanda a hannu da murfin tukunya a matsayin garkuwa, suna kabbara suna rugawa a guje, har sai da aka fasa wa ɗaya goshi. Wani abin kuma, yara suna ɗaukarsa a matsayin tarihi tsantsa. Ertugrul mutum ne na gaske, shi ne mahaifin Usman wanda ya kafa daular Usmaniyya, ya rasu wajen 1280. Sai dai abin da tarihi ya adana game da rayuwarsa kaɗan ne ƙwarai, mafi yawan abin da ake gani a fim ɗin ƙirƙirar marubuta ce. Yaro ɗan shekara 12 yana buƙatar wani babba ya gaya masa haka. Na Indiya kuwa kin san inda suka dosa: soyayya, makircin uwar miji da suruka, tsafi, bautar gumaka a kusan kowane kashi.

Amma fa akwai inda mai dogon zango ya yi wa katun nisa, kuma ba zan ɓoye ba. Harshe ne. An fassara shi da Hausa, kowa yana ji, daga kaka har jika ana zama tabarma ɗaya ana kallo ana muhawara. Mafi yawan katun da ke shagunan Sabon Gari da PZ da Samaru a Zariya da Turancin Amurka suke, mai sauri, wanda ko ɗan sakandare ba ya kama rabinsa. 'Yar shekara 4 hoto kawai take bi. Wasu iyayen suna cewa ai haka za su koyi Turanci. Suna tsintar kalmomi, ban musa ba, amma yaro da magana da mutum yake koyon harshe, allo taimako ne kawai.

Ita ma fassarar sai an sa mata ido. Masu fassara ba abin da jarumi ya faɗa kaɗai suke mayarwa ba, suna ƙara gishiri don a yi dariya: habaici, baƙar magana, zaurancen 'yan tasha, wani lokacin har da ashar da aka ɗan lanƙwasa. Wasunsu gwanaye ne na gaske, muryarsu kaɗai ta isa ta riƙe mutum. To amma abin da yaro ya fi saurin hardacewa ke nan. Ranar da ɗan shekara 7 ya mayar wa yayansa irin wannan magana a gaban baƙi, za ki san daga inda ya kwaso.

Yanzu bari in juyo kan katun, don shi ma yana da raminsa, kuma ya fi ɓoyuwa. Mu nan da zarar mun ga zane sai mu ce na yara ne. Ba haka ba ne. A Amurka da Japan ana yin katun musamman don manya, da jini da batsa da zagi. Faifan nan da ake rubuta wa fim 20 a ɗaya, wanda ya harhaɗa shi bai kalla ba, zane ya gani ya zuba. Bangon yana ɗauke da zomo da kifi suna murmushi, na takwas a jerin kuwa wani ne na Japan da ake tsinke hannu jini yana tsartuwa. A shagon turawa ma haka ne: yaron da ke kan kwamfuta yana da jaka guda da ya sa wa suna katun, duk abin da aka zana yana cikinta. In kika ce ya cika miki filash, haka zai kwaso gaba ɗaya. Don haka ki je da sunaye a rubuce, kada ki ce a zuba miki na yara kawai.

Ko a cikin sanannun ma akwai abin lura. Mutuwar uban zakin nan a The Lion King tana sa ƙananan yara kuka sosai, gara kina kusa. Tom and Jerry ba ya buƙatar Turanci tunda kusan babu magana a ciki, amma daga farko har ƙarshe duka ne da guduma da faranti, kuma ɗan shekara 4 bai san cewa ƙaninsa ba zai miƙe kamar kyanwar ba. Bilal, wanda wani kamfani a Dubai ya yi a 2015 a kan rayuwar Sayyidina Bilal, aiki ne mai kyau, sai dai akwai azabtarwa da yaƙi a ciki, a Amurka ma alamar PG-13 aka ba shi, wato sai da lurar iyaye ga wanda bai kai shekara 13 ba. Na babban ne wannan, ba na 'yar auta ba. Kirikou na 1998, da Bafaranshe Michel Ocelot ya gina a kan tatsuniyoyin Afirka ta Yamma, labarinsa yana da daɗi da hikima, amma an zana matan ƙauyen ba riga, yaron kuma tsirara. Gidaje da yawa a nan ba za su karɓa ba, gara ki sani tun kafin ki biya.

Waɗannan haruffan da ake bugawa a bayan kwali suna da amfani in dai kwalin na asali ne. G na kowa da kowa, PG sai da babba a kusa, PG-13 ba a so ga wanda bai kai 13 ba sai da lurar iyaye. Hukumar tace fina-finai ta ƙasa, wadda aka kafa a 1993, ita ma tana da nata alamomin, har da 12 da 15 da 18. Sai dai yawancin faifan da ke kasuwarmu kwafi ne, bangon ma wani ne ya haɗa shi a kwamfuta, don haka alamar da ke kansa ba hujja ba ce.

Abin da na fi so ki nema shi ne katun da aka yi a Afirka don yaranmu. Akwai Bino and Fino, wanda Adamu Waziri ya ƙirƙira a Abuja, ya fara fita a 2010: yaro da ƙanwarsa, kakanni, abinci da suturar da yaranki za su gane. Akwai Akili and Me da Ubongo Kids na wani kamfani a Tanzaniya, na farko don ƙanana masu koyon ƙirga da haruffa, na biyu lissafi da kimiyya ga 'yan firamare, kuma an mayar da su Hausa. Ba kowane shago ne yake da su ba, saboda ba a cika tambaya ba. In kin samu wanda ke da intanet mai kyau a wajen aiki, a sauke daga shafukan masu shirin kansu, ya fi tsabta kuma an kiyaye haƙƙinsu.

Ta fuskar kyan hoto ma katun ne ya ci. Faifan DVD na yau da kullum gigabait 4.7 yake ɗauka, wato fim na kimanin awa biyu in ana son hoto garau. Idan aka cusa masa awa 20, dole a matse. Katun yana jure matsi saboda launukansa shimfiɗaɗɗu ne, layukansa a fili. Fim ɗin mutane ba ya jurewa, musamman wuraren dare da na yaƙi, sai ki ga fuska ta farfashe ta koma murabba'i-murabba'i. Waɗanda ake turawa kuma yawanci don waya aka matse su, a waya lafiya lau, a talabijin mai inci 32 sai dishi-dishi. Ki gaya wa mai turawa a talabijin za a kalla, kuma ya ba ki bidiyon a nau'in MP4, don tsofaffin na'urori da yawa ba sa buɗe nau'in MKV. A gwada a gabanki kafin ki baro shagon. Filash ɗin kuma ki ware shi don wannan aikin kaɗai, kada ki sa wanda ke da takardunki, kwamfutocin shago ba sa rabo da bairos. Faifai kuwa, hannun da ya ci ƙosai ya taɓa shi sau biyu ya fara maƙalewa. Idan katun ne an yi asarar guda, idan mai dogon zango ne an rasa tsakiyar labari, rigima ta tashi sai an sayo wani. Haka in aka ɗauke wuta ana tsaka da kallo: gajeren katun an wuce wurin, kashi mai awa biyu kuwa sai an yi ta jan rimot ana neman inda aka tsaya.

Saura babban. Ɗan shekara 12 ya fara jin katun ya yi masa ƙanƙanta, abokansa kuma suna ba da labarin abin da suka kalla, in kika hana shi ƙememe zai je maƙwabta ya gani ba tare da ke ba. Ni da zan ba shi mai dogon zango, amma da sharaɗi biyu. Kada a turo zango guda gaba ɗaya. Kashi uku ko huɗu a mako sun isa, filash ɗin yana hannunki, sai an gama a goge a turo na gaba. Sannan a kalla tare, ke ko Abbansu, bayan an kwantar da ƙananan. In na Hausa kike so, Daɗin Kowa na tashar Arewa24 yana taɓo abubuwan da yaro zai ci karo da su a unguwa, shaye-shaye, almajiranci, rikicin aure, kuma da harshen da ba sai an fassara ba. Shi ma ba na ƙanana ba ne, amma yana buɗe ƙofar hira da ɗan shekara 12. In kuma ya kafe sai na Turkiyyan, ki fara kallon kashi biyun farko ke kaɗai, ki ga ko zuciyarki ta kwanta da yawan jinin da ke ciki kafin ki kira shi.