Kwas ɗin nazarin adabi da na yi ta intanet: ɓangaren waƙa ya biya ni, na zube kam da saura

Sati shida na yi a wannan kwas ɗin, bidiyo ne malamin yake turowa a gurup ɗin Telegram sai ya ba da aikin gida, ranar Asabar kuma a yi tambaya da amsa kai tsaye. Mutane sun dame ni a inbos wai ya yake, to ga abin da na gani.

Ɓangaren waƙa wallahi ban taɓa samun wanda ya buɗe min kai irin malamin nan ba. Ni da a da in an ce karin waƙa sai in ji kaina ya ɗau zafi, saboda haddar sunaye kawai na sani, Basiɗ, Kamil, Wafir, Ramal, ban san me suke yi a cikin waƙar ba. Shi bai fara da sunaye ba sam, cewa ya yi kowa ya ajiye biro ya rinƙa buga tebur da yatsa, gaɓa mai nauyi ka ja, marar nauyi ka wuce da sauri, sai da kunnenmu ya kama tukun sannan ya kawo labarin Khalil ɗan Ahmad na Basra wanda ya tsara ilimin aruli, wato ilimin auna karin waƙa, a ƙarni na 8, ya fitar da karuruwa 15 daga baya wani malami mai suna Akhfash ya ƙara ɗaya suka zama 16. Aikin gida na farko shi ne ka gina ɗango ɗaya a kan karin Mutaƙarab, wato ƙafar fa'uulun (gaɓa marar nauyi ɗaya sai masu nauyi biyu) sau huɗu. Kwana biyu ina fama kafin na samu "ina son karatu ina son rubutu", da na rera shi na ji ƙafafun huɗu sun zauna daram sai da na tashi tsaye don murna, har yanzu in ina tafiya sai in tsinci kaina ina yanka maganar mutane gaɓa gaɓa.

Haka ma adon harshe. Ba ya yarda ka ce "nan akwai kamantawa" ka yi shiru, sai ya ce to sai me? Ya ba mu jimla biyu, zuciyarsa kamar dutse, da zuciyarsa dutse ce, ya ce ta farko ta bar maka ƙofa a buɗe ta biyu ta rufe, shi ya sa ta biyun, wato siffantawa, ta fi kamantawa ƙarfi. Wata ɗaliba ta kawo "dare ya shigo yana sanɗa" ta ce mutuntarwa ce, ya ce daidai amma wa yake sanɗa in ba mai mugun nufi ba, ashe kalma ɗaya ta riga ta faɗa maka abin da zai faru a baitin gaba. Amsa-amon ciki da na waje, wato dacewar sauti a ƙarshen ɗango da ƙarshen baiti, ma ya yi su da kyau duk da an ɗan yi sauri.

Inda na ji haushi shi ne ƙagaggen labari. Sati biyu kacal aka ba shi, kuma duk a kan dalar Freytag aka ƙare, wato tsarin da labari ke hawa har ƙololuwa sannan ya sauko, alhali Gustav Freytag Bajamushe ne da ya fitar da tsarin a 1863 don wasan kwaikwayo mai kashi biyar, ba kowane labari ne zai shiga wannan ma'aunin ba, musamman wanda aka fara daga ƙarshe aka yi ta waiwaye. Jigo da warwarar jigo minti ashirin, taurari an lissafo babba da ƙanana an wuce, maganar wa yake ba da labarin, daga cikin fage yake ko daga bayan fage, wadda ni a wurina ita ce ƙashin bayan nazarin zube, ko sau ɗaya ba a ba mu aiki a kanta ba. Na yi tambaya ranar Asabar aka ce za a dawo kai, ba a dawo ba.

Sautin bidiyo biyu kuma ba ya fita sosai sai da iyafis, gyaran aikin gida ma yakan kai kwana biyar.

In waƙa ce ta kawo ka shiga kawai kar ka tsaya shawara, ka tanadi littafin rubutu da wurin da za ka rera da ƙarfi ba mai hararar ka. Marubutan labari ku ɗan dakata tukun, na tura wa masu kwas ɗin ƙorafi a rubuce sun ce za su faɗaɗa ɓangaren a zagaye na gaba, in sun yi zan koma.