Wasiƙa daga Mèze: inda ruwan kwata yake zuwa

Yaya, ina gaisuwa, da fatan Inna da yara da duk mutanen Birni suna lafiya. Ka tambaye ni abin da ya fi tsaya mini a rai a Faransa. Na san jirgin ƙasa ko manyan kantuna kake jira in ce, amma maganar ruwan kwata zan yi maka.

Mèze ƙaramin gari ne a bakin tafkin Thau, wani tafkin ruwan gishiri da ke manne da Bahar Rum, kusa da Sète. Abincin mutane da yawa a nan yana cikin tafkin: suna kiwon wani dangin dodon koɗi da suke ce wa wit, ana cin shi ɗanye. A rumfar wankewa da tantance shi nake aiki. Abin nan tace ruwa yake yi ya ci, don haka duk ƙazantar da ta shiga tafki a cikinsa take zama. Wata hunturu ruwan sama ya yi yawa, magudanai suka cika suka amayar, hukuma ta hana sayarwa. Muka zauna makonni hannu rabbana, mai rumfar yana kallon kayansa cikin ruwa, ba halin taɓawa. Lokacin ne na gane dalilin da ba su wasa da ruwan masai.

Wata Lahadi na taka har wurin da ake tace shi, a bayan gari. Tun 1980 suka gina shi. Yaya, tafkuna ne a jere, marasa zurfi, kamar namu na damina, sai dai an daɓe gindinsu don kada ruwa ya tsiyaya ƙasa. Ruwan wanka da wanke-wanke da na masai duk tiyo ɗaya ke kawo su. A tara robobi da tsummoki a bakin shiga, sannan ruwan ya bi tafki bayan tafki, makonni yana tafiya. Ƙananan halittun da ido ba ya gani su cinye daudar, gansakuka ta ba su iska, rana ta kashe ƙwayoyin cuta. Na farko yana da ɗoyi, ba zan ɓoye maka ba. A na ƙarshe kuwa agwagin ruwa na tarar suna iyo.

Ba kyauta ba ne. A ƙasar nan lita 1,000 na ruwan famfo kusan yuro 4 ne, ya haura jaka 2 da rabi na sefa, kuma wajen rabin kuɗin na tace wanda ka zubar ne. Da farko na yi ƙorafi. Sai na tuna abin da Inna ke ba 'yan ga-ruwa cikin watan Afrilu, sa'ad da famfo ke kwana da kwanaki ba ɗigo, da kuɗin maganin zazzaɓi duk damina.

Abin da ke ci mini rai ke nan. Damagaram kan dutse take zaune, ruwanmu daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Machaya da Aroungouza. Mu saye shi da tsada, mu yi wanka sau ɗaya, mu sake shi ta rariya ya kwanta a lungu, sauro ya samu gida, yara suna tsallakawa da ƙafa ba takalmi. Alhali babban ma'aikacin wurin nan rana ce, sai fili, kuma wa ya fi mu su? Na san fasa dutse a shimfiɗa tiyo gida-gida ba ƙaramin kuɗi ba ne, kuma zafinmu zai shanye wani ruwan. Amma ko motocin kwasar masai kaɗai aka yi wa tafkuna irin waɗannan a bayan gari, abin da ya fito zai shayar da itatuwa, busasshen laka kuma ya zama taki.

Don Allah in ka samu sarari, ka tambayi direban da ya kwashe mana salga bara inda yake juye kayansa, ka ɗauko mini hoton wurin. Akwai wani dattijo a nan da ya yi aikin tafkunan har ya yi ritaya, ina so in nuna masa. Ka gaida Inna, ka ce mata saƙonta na tafe ƙarshen wata.