Sabuwar Bindiga Mai Kamar Tsohuwa: Abin da Za Ka Duba Kafin Ka Biya

Ɗan ƙanwata da ke aiki a Yamai ya turo mini hotuna uku ta WhatsApp ran Alhamis da dare, ya ce, "Kawu, takardun izinina sun kusa fitowa, ka zaɓar mini ɗaya." Duka ukun bindigogin farauta ne, kalibar 12, sababbi fil. Ta farko baƙa ce wuluk mai sheƙi, ta biyu ruwan toka marar ƙyalli. Ta ukun kuwa sai da na faɗaɗa hoton na sa tabarau. Gefunanta sun koɗe, wajen kunama ya yi fari-fari, ƙotar duk ƙarzuna, kai ka ce an yi shekara 40 ana ratsa dajin Adar da ita. Ashe ko harsashi ɗaya ba ta taɓa ci ba. Tun a masana'anta aka tsufar da ita da gangan, ita ce ta fi tsada cikin ukun, kuma ita ce ta kwanta masa a rai.

Wannan yayi ba daga wajenmu ya taso ba. Akwai masu sha'awar bindigogin kaboyin Amurka na ƙarni na 19, kuma kamfanoni irin su Uberti, wanda aka kafa a 1959 a Gardone Val Trompia ta ƙasar Italiya, suna ƙera musu kwafin Colt da Winchester. Wasu daga ciki ana koɗar da su don su dace da fim ko wasan tuna tarihi. Can abin yana da ma'ana. Daga baya ne yayin ya tsallako kan bindigogin zamani, har ya iso wayar ɗan ƙanwata.

Kafin ka ce kana so ko ba ka so, ka san abin da ke jikin ƙarfen. Baƙin nan mai sheƙi na bindiga ta farko ba fenti ba ne. Ana tsoma ƙarfen ne cikin ruwan sinadari mai zafin kusan digiri 140, sai fatarsa ta rikiɗe ta zama wata baƙar tsatsa mai manne wa jiki, wadda ba ta cin ƙarfe kamar jar tsatsa. Siririya ce ƙwarai, kuma kariyarta ta dogara da mai. Ka daina shafa mai, ta bar ka da Allah. Ruwan tokan na ta biyu kuwa rufin fosfat ne, irin wanda sojan Amurka suka yi wa makamansu a Yaƙin Duniya na Biyu. Yana da kaushi, yana shan mai ya riƙe, ya fi baƙin juriya. Sai rufin da ya fito baya-bayan nan, Cerakote, wani irin fenti da ake fesawa sannan a gasa a tanda mai zafin digiri 120 zuwa 150. Shi ba ya jiran mai kafin ya tare danshi.

To, tsufan ƙarya iri biyu ne, kuma nan ne mai saye ke faɗawa rami. Na farko, ana fesa Cerakote mai haske a ƙasa, a ɗora mai duhu a sama, sai a goge na saman a gefuna kafin a gama gasawa. Farin da kake gani fenti ne, ƙarfen yana nan a rufe. Na biyu kuwa, ana kankare baƙin ne da takarda mai yashi ko a cinye shi da ruwan tsami, a bar ƙarfe tsirara. A hoto kusan ba ka bambanta su. A damina za ka bambanta.

Mutanenmu na Tawa sukan ce ai garinmu busasshe ne, ina tsatsa za ta fito? Daga tafin hannunka za ta fito. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, gumi da gishirinsa yana zama a jikin ƙarfe, kuma daidai gefunan da aka kankare su ne inda hannu ke sauka. Sannan Yuli da Agusta su zo, bindiga tana kwance cikin kuben fata ƙarƙashin gado, fatar ta sha danshi ta riƙe. Ka buɗe bayan girbi ka tarar da ja-ja a duk inda ka biya kuɗi aka farar maka. In kuma ka ce za ka lafta mata mai don kariya, ƙurar hunturu ta zo ta manne, mai da ƙura su zama kamar dutsen wasa wuƙa a cikin mahaɗa, wato inda bindigar ke buɗewa. Wannan matsala ta ƙura har rufin fosfat tana taɓawa, shi ya sa mai shi yake shafa kaɗan ya goge da tsumma.

Amma abin da ya fi ci mini rai ba tsatsa ba ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana da Simplex mai baki ɗaya, ƙirar Manufrance ta garin Saint-Étienne a Faransa, irin wadda tsofaffin maharba da yawa a ƙasashen nan suka riƙe. Tana wajena har yau. In ka juya ta za ka ga wuri ɗaya da ya yi fari tas, faɗinsa bai fi tafin hannu ba, daidai inda yake ɗaukarta in yana tafiya. Ƙotar ta yi santsi a gefen da kuncinsa ke kwanciya, ɗaya gefen kuwa har yanzu da sauran duhunsa. Wanda ya san bindiga, da ya gan ta zai ce maka mai ita ɗan dama ne, ya yi tafiya da ita fiye da yadda ya yi harbi, kuma bai taɓa barin ta ta kwana da datti ba. Tsufan gaskiya rubutu ne da ake karantawa. Na masana'anta kuwa ko'ina an koɗe daidai wa daida, har lungun da yatsa ba ya shiga, kuma yana goge wannan rubutun tun kafin a fara shi.

Na san haka ne don an taɓa yi mini. Shekarun baya na sayi bindiga ta hannu wajen wani, da takardunta da komai. Jikinta duk dabbare-dabbare, ya ce mini haka kamfani ya yi ta, yayi ne. Na yarda. Da na kai ta wajen dattijon da ke yi mana gyara, ko zama bai yi ba. Ya buɗe ta, ya ɗaga bakin ya kalli rana ta ciki, ya miƙo mini ya ce, "Malam, duba da idonka." Cikin duk ƙananan ramuka, kamar fuskar da agana ta ci. Ya rufe ta, ya riƙe ƙota ya girgiza, na ji mahaɗar tana ƙas-ƙas. Kitso aka yi mini da ƙwarƙwata. Da jikinta baƙi ne na asali, da tabon tsatsar ya nuna tun a waje na tsaya na bincika. Ban taɓa harba ta ba, kuɗina kuma sun tafi.

Sai maganar lambobi, wadda ba ta son wasa. A jikin bakin bindiga akwai hatimin gwaji da alamar tsawon harsashin da take ci, 12/70 ko 12/76, wasu tsofaffi ma milimita 65. Sa dogon harsashi a gajeren ɗaki, wato ramin da harsashi ke zama, hatsari ne ga mai harbi. In an bi da takarda mai yashi har waɗannan alamomi sun dushe, ka ajiye ta ka tafi, ko da kyauta za a ba ka. Haka lambar bindigar kanta: dole ta fito sarai, ta yi daidai da ta takardar izini. Ƙasar nan tana da hukumar tattara haramtattun makamai tun 1994, tana da dokar farauta ta 1998, kuma kowa ya san halin tsaron da jihar Tawa ke ciki. Ka tsaya a shingen jandarma kan hanyar Ƙonni da bindiga mai kama da wadda ta dawo daga fagen daga, ka fara bayanin cewa ado ne, za ka daɗe a tsaye. Ni ba zan so wa ɗana wannan tsayuwa ba.

Masu son bindiga mai tsufan ƙarya suna da hujja biyu da na yarda da su. Ba ta ƙyalli, don haka zabi da fakara ba sa hango walƙiyarta daga nesa. Kuma mai ita ba ya jin zafin ƙarzuna ta farko, yana shiga sarƙaƙiya hankali kwance. Gaskiya ne, sai dai ruwan tokan nan yana ba ka duka biyun ba tare da ƙarin kuɗin ado ba. Ranar sayarwa kuma, mai saye a garin nan zai taya ta ne da kuɗin tsohuwa, ka rantse ka maya ba zai ƙara ba. Wanda yake son ta don rataya a bango ko don fita ranar biki, ya nemi mai Cerakote hawa biyu, ya sa mai sayarwa ya rubuta masa haka a rasit.

Abin da na rubuta wa yaron ke nan: in zai riƙa goge ta duk dawowa daga daji, ya ɗauki baƙar, in ya san aikin ofis ba zai bar shi ba, ya ɗauki ruwan tokar. Ya amsa da cewa, "Kawu, ta ukun fa ta yi kama da ta Kaka." Na ce ya zo Tawa da Salla, zan fito masa da ta Kakan ya riƙe ta a hannu, ya kwatanta ta da hoton, ya nuna mini inda suka yi kama. Ya ce ba zai biya ba sai ya zo.