Tukunya mai zurfi ko faffaɗan kasko wajen dafa zumar mapul?

A Kanada da arewacin Amurka, mai dafa zumar mapul (zumar da ake yi da ruwan zaƙin da ake tatsa daga jikin bishiyar mapul) a gida sai ya tafasa wajen lita 40 na ruwan bishiyar kafin ya samu lita ɗaya. Aikin duk na korar tururi ne.

Tukunya mai zurfi ba ta saurin kamu, sai dai bakinta ƙarami ne. Tururi na fita a hankali, itace na ƙarewa, zumar kuma ta yi duhu.

Faffaɗan kasko kuwa, wuta na lasar gindinsa ko'ina. A bar zurfin ruwan kamar santimita 5, a riƙa ƙara mai ɗumi don kada tafasa ta mutu, a iza busasshen faskare sirara. Ni kaskon zan zaɓa. Amma fa yana son sa ido: ruwa na ja ƙasa, sai ƙauri.