Kunamar nakiyar Teller: ta 1935 da ta 1942 da ta 1943, wacce ta fi?

Wani ɗan'uwa ya ga hoton kunamun nakiyar Jamus guda biyu (kunama ita ce 'yar na'urar da ke tayar da nakiya) a gidan tarihi, ɗaya ta tagulla mai sheƙi da rubutu a kanta, ɗaya kuma guntun ƙarfe mara fasali. Ya ce abin da ya ɗaure masa kai shi ne mai kyan ita ce tsohuwa, mara kyan ita ce sabuwa. Shin aikin Jamusawa ne ya lalace a tsakiyar yaƙi, kuma wacce ta fi?

Malam, abin da ka gani T.Mi.Z.35 ce da T.Mi.Z.42, wato kunamar 1935 da ta 1942 a taƙaitaccen sunansu na Jamusanci. Akwai ta uku, T.Mi.Z.43, wadda sai an sa ta a lissafi amsar za ta cika. Dukkansu na nakiyar Teller ne, wadda sojojin Jamus suka binne wa tankokin yaƙi a Yaƙin Duniya na Biyu, daga filayen Rasha har saharar Masar da Libiya. Nakiyar faifai ce ta ƙarfe, faɗinta ya ɗan haura santimita 30, nauyinta kusan kilo 9, kuma kimanin kilo 5.5 daga ciki abin fashewa ne.

Tushen aikin ɗaya ne a duka ukun. Akwai allurar ƙarfe da sifirin ke turawa ƙasa, sai wata siririyar ƙusa da ta ratsa ta gicciye ta riƙe ta. An yi ƙusar ne musamman don ta karye idan nauyi ya kai wani mizani. Tanka ta taka murfi, murfi ya danna kunama, ƙusa ta yanke, allura ta sauka ta tayar da nakiya. Inda suka rabu shi ne abin da aka kewaye wannan ƙusa da shi, da kuma wanda aka yi niyyar karewa.

Ta 1935 aikin lokacin zaman lafiya ce, kuma da ganinta ka san an ɓata mata lokaci a masana'anta. Jikinta tagulla ne, ana ɗaure ta a tsakiyar murfin nakiya, kanta yana waje kowa na gani. Kariya biyu gare ta. Ta farko ɗan faifai ne a samanta da ake murɗawa tsakanin kalmomi biyu, Sicher, wato a kulle take, da Scharf, wato a ɗane take. Ta biyu sakata ce da ke tare allurar daga gefe, an ɗaura mata waya yadda soja zai janye ta daga nesa bayan ya gama rufe ƙasa. Wanda ya tsara ta yana tunanin sojan da zai ɗauki nakiya a mota ko a hannu da kunama a jikinta, kuma yana tunanin ranar da za a dawo a kwashe filin a kai wani wuri. A nan babu wadda ta kamo ƙafarta.

Amma wannan gwaninta ita ce ta zame mata nauyi. Sassanta suna da yawa, kowanne sai an sassaƙa shi a inji, ga tagulla ta yi wa Jamus tsada domin ita ake buƙata wajen kwanson harsashi. Sannan sai an daidaita tazarar da ke tsakanin kunama da abin da ke ƙarƙashinta da wani zobe, aikin da ke son natsuwa da haske, abubuwa biyu da sojan da ke binne nakiya cikin dare ko cikin sanyin Rasha ba ya samu. Babbar matsalar ma a murfin nakiyar take. A Tellermine 35, wato nakiyar Teller ta 1935, murfin ya rufe kusan duk saman faifan, saboda haka nauyin da ake buƙata ba ɗaya ba ne: a tsakiya kusan kilo 180, a gefe kuwa kusan kilo 90 ya isa, domin murfin yana karkata ya ƙara ƙarfin da ke danna kunama. Ƙaton soja da kayansa yana gudu zai iya tayar da abin da aka binne wa tanka. Faffaɗan murfin kuma yana karɓar bugun iskar fashewa, har harsashin igwa da ya faɗi kusa, ko nakiyar maƙwabciya, kan tayar da ita. Mafi muni shi ne idan bugun bai kai ya yanke ƙusar gaba ɗaya ba, ya bar ta rabi a karye. Daga waje komai lafiya, rubutu yana nan, faifai yana nan, alhali abin da ya rage yana riƙe da allura bai taka kara ya karya ba.

Ta 1942 an zubar da duk wannan. Guntun bututun ƙarfe ne, allura, sifirin, ƙusa, shi ke nan. Babu faifan murɗawa, babu sakata, babu waya. Ana zura ta cikin gurbinta a ɗaura murfi a kanta, ta ɓace daga ido. Gyaran gaskiya an yi shi ne a jikin nakiyar: Tellermine 42 ta zo da ƙaramin murfi a tsakiya, faɗinsa kusan rabin faifan, don haka bugun iska ya rage tasiri kuma taka gefe ya daina zama abin tsoro irin na da. Ta fuskar mai yaƙi wannan ita ce ta fi, don tana da arha, tana fita da yawa, kuma sabon soja zai koye ta cikin ɗan lokaci. Farashin shi ne da zarar ta shiga gurbi, ƙusar nan guda ita kaɗai ce tsakanin soja da ajalinsa.

Ta 1943 ita ce ke tayar mana da hankali duk lokacin da aka zo kanta. A ido kusan tagwaye suke da ta 1942, amma an ƙara mata wata ƙaramar ƙusa mai rauni wadda ke karyewa tun lokacin da mai binnewa ya ɗaure murfi. Daga wannan lokaci murfin ne ke danne kayan cikinta. Tanka ta taka, ta tashi. Wani ya kwance murfi don ya cire kunama, ta tashi. An yi ta ne domin sojojin injiniya na abokan gaba, waɗanda suka saba kwance murfin Teller su zare kunama su tara nakiyoyi a gefen hanya. Ko Bajamushen da ya binne ta ba shi da hanyar dawo da ita. Tana shiga gurbin da ta 1942 ke shiga, har da na Tellermine 43 mai murfi kamar laima da suke kira Pilz, wadda aka ƙera sama da miliyan 3 daga 1943. Tunda murfi ya rufe kunamar, babu mai iya cewa wacce ce a ciki, sai ya zama dole a ɗauki kowace Teller 42 ko 43 a matsayin mai tarko, a tarwatsa ta inda take. Kunama guda ta ɓata wa masu share fili lissafin miliyoyin nakiyoyi, har waɗanda ba ta cikinsu.

Kada a manta kuma, duka nakiyoyin suna da ƙarin gurabe a gefe da ƙasa na kunamar ja, irin Z.Z.35, don haka ko mai tagullar ba a ɗaga ta da gaba gaɗi.

To aikin Jamusawa bai lalace ba, buƙata ce ta canja. Idan kyan ƙira da tsaron mai riƙewa ake nema, ta 1935 ce. Idan yawa da sauƙi ne, ta 1942 ce, kuma yawan ne ya yi aiki a wurare irin su El Alamein ta Masar, inda kwamandan Jamus Rommel ya sa aka binne nakiyoyi kusan 500,000 a 1942, har sojojin Birtaniya suka dogara da na'urar gano nakiya da ɗan ƙasar Polan Józef Kosacki ya ƙirƙira. Ta 1943 kuwa ba za mu ce ta fi ba, domin abin da ta ƙara bai tsaya ga ranar yaƙi ba. Ya bi Jamusawa fursunonin yaƙi da aka sa su kwashe nakiyoyi sama da miliyan 1 a gaɓar tekun Denmak a 1945.

Game da hoton naka, waɗanda ake ajiyewa a gidajen tarihi an cire musu duk abin fashewa, wasu ma an tsaga su gida biyu don a ga cikinsu. Wadda aka tono daga ƙasa lamarinta daban ne. Tsatsar shekara 80 tana cin ƙusar da ke riƙe da allura, sifirin kuwa sau da yawa yana nan da ƙarfinsa, shi ya sa ƙwararrun masu share nakiya ba sa ƙoƙarin gane ko ta 42 ce ko ta 43, killace wurin suke yi su tarwatsa ta daga nesa.