Baƙin firam ko fari: amsa ga mai tambaya kan launin tagogin sabon gida

Assalamu alaikum. Malam, ka rubuto cewa gininka a Kano ya kai matakin sanya tagogi, mai aikin alminiyam yana ba ka shawarar ka sa baƙin firam domin shi ake yayi, uwargida kuma ta fi son fari, sannan ka tambaya ko yayin baƙin zai daɗe ko kuwa nan da 'yan shekaru gidan zai koma tsohon yayi. Allah ya sa a kammala lafiya, ya kuma sanya albarka a gidan. Tambayar ta cancanci a tsaya mata da kyau, domin fentin bango ana iya sauya shi duk lokacin da aljihu ya yarda, amma firam ɗin taga idan aka kafa shi aka yi filasta a gefensa, cire shi sai da fasa gini, kuma mai gida zai iya zama da shi shekara 20 ko fiye.

Abin da ya fi raba launukan nan biyu a ƙasarmu shi ne ƙura, kuma ƙurar da ke sauka a gidajenmu iri biyu ce. Akwai ta hunturu, wadda iskar arewa maso gabas ke kwasowa tun daga watan Nuwamba har zuwa wajen Maris, kuma kaso mai yawa na ta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi yake tasowa, wurin da a da gindin babban tafki ne kafin ya ƙafe. Wannan ƙura fara-fara ce, mai laushi kamar garin tuwo, kuma a kan baƙin firam ba ta buƙatar fiye da yini guda kafin ta bayyana. Duk wanda ya taɓa riƙe baƙar mota a watan Janairu ya san abin da nake nufi, domin a wanke ta da safe, kafin la'asar ana iya rubuta suna da yatsa a jikinta. A kan farin firam kuwa wannan ƙura tana sajewa, sai mutum ya matso kusa sannan ya gan ta. Iri na biyu ita ce jar ƙasa ta unguwannin da ba a shimfiɗa wa kwalta ba, tare da feshin laka na damina, kuma a nan lamarin yana juyawa. Farin firam yana ɗaukar jan nan a kusurwoyi da cikin layin da tagar ke gudu a kai, idan aka bar shi ya daɗe sai ya zama kamar rini, yayin da baƙin yake ɓoye shi. Saboda haka, kafin ka saurari maganar yayi, dubi titin da ke gaban gidanka. Idan kwalta ce kuma tsakar gida an shimfiɗa mata bulo, fari zai ba ka sauƙi a yawancin watannin shekara. Idan jar hanya ce da babura ke tayar da ƙura dare da rana, babu ɗaya daga cikin biyun da zai hutar da mai shara.

Batun zafi shi ne wanda mutane suka fi ambata, kuma a ganina ana yawan ba shi fassarar da ba daidai ba. Gaskiya ne cewa baƙin abu yana shan zafin rana fiye da fari, kuma a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano kan haura digiri 40, baƙin firam da ke fuskantar yamma yakan yi zafin da ba za a iya ɗora masa tafin hannu ba da misalin ƙarfe 3 na rana. Sai dai firam ɗan ƙaramin yanki ne na taga, kuma mafi yawan zafin da ke shiga ɗaki ta gilashi yake shiga, don haka wanda ya sa farin firam a babbar taga mai kallon yamma ba tare da rumfa ko inuwa ba, ɗakinsa zai fi na mai baƙin firam da ke ƙarƙashin baranda zafi. Inda zafin baƙin yake yin ɓarna shi ne a jikin tagar kanta. Alminiyam yana miƙewa da kusan milimita 0.023 a kowace mita idan zafi ya ƙaru da digiri ɗaya, ma'ana sanda mai tsawon mita 2 da zafinta ya tashi da digiri 40 tsakanin asuba da azahar za ta ƙaru da kusan milimita 2. Wannan motsi na kullum, tare da zafin kansa, shi ke gajiyar da robar da ke riƙe gilashi da kuma silikon ɗin da aka toshe gefe da shi, har su bushe su tsage, ruwan damina ya fara samun hanya. Farin firam ma yana motsi, amma bai kai haka ba.

Idan kuwa tagar ba ta alminiyam ba ce, ta roba ce irin wadda ake kira PVC, to a nan ba ni da wata tantama, fari za ka sa. Robar tana miƙewa kusan ninki uku na alminiyam, kuma launin duhu a kanta yawanci wata fata ce ake mannawa a sama. A irin ranarmu, baƙar tagar roba da ba ta da ingancin gaske tana iya lanƙwashewa har ta ƙi rufuwa daidai.

Akwai kuma abin da ya fi launi muhimmanci, wanda masu saye ba su cika tambaya ba, wato yadda aka sa launin a jikin ƙarfen. Hanya ta farko ita ce fentin gari, wanda ake fesa wa ƙarfen sannan a gasa shi a tanda mai zafin digiri 180 zuwa 200 har ya narke ya kama, kuma da ita ake yin yawancin fari da baƙin da ke kasuwa. Hanya ta biyu ita ce a tsoma ƙarfen a ruwan sinadari a sa masa wutar lantarki, sai fatar ƙarfen kanta ta yi tauri ta ɗauki launi, kuma da ita aka fi yin ruwan azurfa da ruwan tagulla da wanda ake kira shamfen, mai kama da ruwan zinariya mai haske. Launin hanya ta biyu ba ya ɓarewa, domin ba shafa shi aka yi ba. Akwai kuma hanya ta uku da ba a faɗa wa mai saye, wato a ɗauki firam mai araha a fesa masa fentin gwangwani a bayan shago, kuma wannan tun a damina ta farko yake fara tashi. Fentin gari mai rauni idan ya sha rana yakan dusashe ya yi fari-fari kamar an shafa masa alli, kuma a kan baƙi wannan dusashewa tana fitowa fili, musamman idan tagogin gabas da yamma suka koɗe, na kudu da arewa suka tsaya da duhunsu, gida ɗaya ya zama da baƙi iri biyu. Fari mai rauni shi kuma yakan koma ruwan ƙwai-ƙwai, amma ido bai cika kama shi da wuri ba. Haka nan ƙarzuwa: idan leburori suka goga bokiti ko tsani a baƙin firam, farin ƙarfen da ke ƙasa zai haska kamar zare, kuma babu yadda za a ɓoye shi.

Ba zan rage wa baƙi haƙƙinsa ba, domin yana da kyawun da fari ba shi da shi. Daga cikin ɗaki, ido yana wuce baƙin firam ya tafi ga abin da ke waje, kuma ƙarfen tsaro da ragar sauro idan baƙaƙe ne ba sa tare gani kamar farare. Tunda kusan kowane gida a wajenmu sai an sa masa waɗannan biyun, baƙin firam yana haɗuwa da su ya zama abu ɗaya, yayin da farin firam da baƙin ƙarfen tsaro da koriyar raga sukan sa taga ta yi hayaniya. Daga waje kuma, baƙi yana fitar da siffar taga a jikin bango mai haske, shi ya sa yake kyau a hoto. Amma wannan fitarwa tana da sharaɗi, domin idan magini bai daidaita tsayin tagogin ba, ko kusurwa ta karkace, baƙi zai nuna wa kowa, fari kuwa zai rufa asiri.

Sai maganar yayi, wadda ita ce ainihin damuwarka. Wanda ya zaga tsofaffin unguwannin ma'aikata a Kano ko Kaduna ko Zariya zai ga tarihin abin a jere. Akwai tagogin ƙarfe masu fenti kore ko shuɗi, akwai masu gilashi jere-jere da ake karkatawa domin iska ta shiga, daga baya alminiyam ruwan azurfa mai zamewa ya zo, sannan ruwan tagulla da gilashi mai duhu, sannan farin firam da shuɗin gilashi mai ɗaukar ido kamar madubi, wanda a wani lokaci kusan kowane sabon bene sai da ya sa shi. Yau idan ka ga shuɗin gilashin nan, kana iya kintatar shekarun da aka yi ginin. Abin lura shi ne, ba farin firam ɗin ne ya tsufa ba, gilashin ne da haɗin da aka yi masa. Baƙi da fari da ruwan toka launuka ne da ba su taɓa fita daga gini gaba ɗaya ba, abin da ke wucewa shi ne cikakken salon da ake haɗawa a wani zamani. Salon yanzu shi ne bango ruwan toka, baƙin firam, baƙin rufi da baƙar ƙofa, kuma ina da yaƙinin cewa wannan haɗin zai nuna shekarunsa kamar yadda shuɗin gilashi ya nuna nasa. Ya kamata kuma a tuna cewa salon ya yi ƙarfi ne a ƙasashe irin su Ingila da Jamus, inda toka mai duhu mai lamba RAL 7016 ta zama ruwan dare a sababbin gidaje, kuma can rana ba ta da ƙarfin tamu, ba su kuma san hazon hunturu ba. Idan ka sa baƙin firam, ranar da yayin toka ya wuce za ka iya mayar da bangon ruwan madara ko ruwan ƙasa, tagogin su zauna lafiya. Wanda zai sha wahala shi ne wanda ya sa firam mai launi na musamman, kamar ja ko shuɗi ko zanen katako mai sheƙi, domin shi ne ke ɗaure mai gida ga fenti iri ɗaya.

Idan ka ce lallai in zaɓa tsakanin biyun, to ga gidan haya, ko gidan da babu mai goge tagogi a kai a kai, ko tagogi manya masu kallon yamma babu inuwa, fari nake zaɓa, kuma yana da ƙarin fa'ida cewa ko bayan shekara 10 aka buƙaci sauya ɓangare ɗaya za a same shi a kasuwa ba tare da wahala ba. Ga gidan da mai shi zai zauna da kansa, tagoginsa suna ƙarƙashin baranda ko rufi mai faɗin baki, kuma ya yarda ya biya kuɗin fenti mai inganci, baƙi ba kuskure ba ne. Amma da ni ne, ba zan tsaya a kan biyun ba. Ruwan toka mai matsakaicin duhu, ko shamfen, ko ruwan tagulla mai haske, sun fi kusa da launin ƙurarmu iri biyun, ba sa zafi kamar baƙi, ba sa nuna jar ƙasa kamar fari, kuma suna tafiya da kusan kowane fentin bango. Wataƙila ma a nan ne ra'ayinka da na uwargida za su haɗu.

Kafin ka biya kuɗi, ka je kasuwar kayan gini ta Ƙofar Ruwa ko shagon mai aikin naka ka karɓi guntayen da suka rage daga yanka, ɗaya na kowane launi, ka jingina su a bangon yamma na ginin har mako 2. Ka taɓa su da rana tsaka, ka duba yadda ƙura ta zauna a kansu, ka ɗan ƙarza gefen kowanne da makulli ka ga ko fentin zai tashi. Idan ka yanke shawara, ka sa a sayi dukkan sandunan a lokaci ɗaya, domin launi ɗaya daga zubi daban-daban yakan ɗan bambanta, kuma a rubuta maka lambar launin da kaurin ƙarfen a rasit. Ka ja kunnen magina kada ɗanyen siminti ya kwana a jikin firam, domin yana cin fatar alminiyam ya bar tabon da ba ya fita, kuma da zarar an gama filasta da fenti a cire ledar da aka naɗe firam ɗin da ita, tunda idan rana ta gasa ta, gam ɗinta yana kamawa. Wajen tsaftacewa kuma, a fara zuba ruwa ya sauke ƙurar kafin a sa tsumma mai laushi da sabulu kaɗan, kada a goge ta a bushe, kada kuma a kusanto da soson ƙarfe ko fetur, musamman idan baƙin ka zaɓa.